Ta ina za mu fara don matasan garinmu su daina tafiya ci-rani?

Ɗan'uwa, ka ce kuna noman shinkafa amma da an gama girbi gari ya watse. To, ina jin matsalar a nan take: shanshera, wato shinkafar da ba a gyara ba, kuke sayarwa, ribar kuma tana gaba.

Leƙa Kura a jihar Kano. Ruwan madatsar Tiga ya ba su noman rani, amma abin da ya riƙe garin shi ne gyaran shinkafar. Mata na turarawa a manyan tukwane, yara na shanya a tabarma da leda, masu inji na casa, 'yan dako da masu ɗinkin buhu kowa na samun na cefane.

Ku haɗa adashe ku sayi injin casa ɗaya tukuna. Amma fa ku naɗa mai riƙon kuɗi da kowa ya yarda da shi, kuma a rubuta komai.