Kan makullin motata ya fashe: in sauya gida ko in sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Aboabo, Kumasi, ina da Corolla ta 2011 da aka shigo da ita daga Amurka. Robar kan makullin ta tsage har na ɗaure ta da salatif. A Suame Magazine, unguwar makanikai, wani ya ce in sayi gidan makulli wanda babu komai a cikinsa, a ciro cip ɗin tsohon a saka, kuɗin ba yawa. Wani kuma ya ce dole sai sabon makulli an haɗa shi da kwamfuta. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Muddin tsohon makullin yana tayar da mota, maganar na farkon daidai ce. Motarka ba ta san roba ba. Abin da take ganewa shi ne 'yar ƙwayar da ke ɓoye a kan makullin, wato cip. Ba ta amfani da batir. Akwai zoben waya kewaye da ramin makulli, shi ke ba ta wuta idan ka zura, ita kuma ta aika da lambarta. Lambar ta dace, imobilaiza, wato na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa, ya saki inji. Ba ta dace ba, sai ka ji sitata na juyawa amma mota ta ƙi kamawa, jar fitilar tsaro tana ta ƙiftawa. Tunda cip ɗin nan aka riga aka yi wa rajista, mayar da shi sabon gida ba ya bukatar kwamfuta.

Wajen cirowa ne ake yin ɓarna, don haka ka tsaya a yi a gabanka. Wani cip ɗin na gilashi ne, siriri kamar ƙwayar shinkafa, wani kuma ɗan baƙin dunƙule ne da aka manne a kusurwa. Na gilashin nan ko tsagewa kaɗan ya yi, ya tashi aiki, ba a gyara shi. Mai hankali ba ya ɓamɓaro shi da sukuddireba, kuma ba ya kusanto masa da wuta. Yankan tsohuwar robar yake yi a hankali har cip ya fito da kansa, tunda dama robar ta gama amfani. A wasu makullan kuwa cip yana haɗe da allon rimot, sai a ɗauke allon gaba ɗaya a mayar. Kada ka bari a jefar da ko ɓarɓashi na tsohon gidan sai mota ta tashi sau biyu ko uku.

Ka je da tsohon a hannu lokacin sayen gidan, a gwada yawan maɓallai da siffar ƙarfen. Sabon ƙarfen sai an yanka shi, kuma ya fi kyau a gwada shi a ƙofa tukuna kafin a taɓa cip.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ban ji ka ambaci makulli na biyu ba. Sauya gida ba ya ƙara maka makulli, ɗaya ne dai har yanzu. Yau da naka ke aiki, ƙara wani makullin abu ne mai sauƙi. Ran da ya ɓace a kasuwar Kejetia, sai an janyo motar ko an ɗauko ma'aikaci da na'urarsa, kuɗin kuma ya ninka. Nan ne maganar mutum na biyu take da amfani. Idan za ka yi, duba jikin ƙarfen: Toyota na buga alama, ɗigo ko harafin G ko H, kuma ba sa maye gurbin juna. Mitar da rimot ɗin motocin Amurka ke aika saƙo da ita yawanci 315 MHz ce, na Turai 433, sai ka faɗa wa mai sayarwa daga ina motar ta fito.

Tambaya: Wani makanike ya ce zai manna mini cip ɗin a jikin ramin makulli, yadda kowane ƙarfe da aka yanka zai tayar da motar. In yarda? Daga wata 'yar kasuwa a Asawase.

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Zai yi aiki, amma kin cire wa motar tsaronta ke nan. Duk wanda ya riƙe makullinki na ɗan lokaci, a wajen wanki ko a gareji, zai iya yanko irinsa ya tafi da ita. Ki biya a yi miki makulli na biyu mai nasa cip, ki ajiye shi a gida.