Amsa ga mai son karatun tsuntsayen teku, muryar da aka tura a gurup

Assalamu alaikum 'yan gurup. Ƙanina, na saurari muryarka. Ka ce ka gama digirin nazarin halittu a nan Jidda, kana son ka bi layin tsuntsayen teku da kare namun daji, wace jami'a ta fi. To ni dai na san ba jami'a ce damuwarka ba. Alhaji ne ya ce kirga tsuntsu ba sana'a ba ce, kana neman abin da za ka gaya masa. Ko ƙarya na yi?

Gaya masa akwai abinci a ciki, amma ba a ƙofar da kake leƙe ba. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar nan tun 1986 take, sai dai aikin gwamnati 'yan ƙasa ake fara ba wa. Mai iƙama irinmu, hanyarsa ita ce KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah da ke Tuwal. An buɗe ta a 2009, digiri na biyu da na uku ake yi, da Turanci, kuma su suke ɗaukar nauyin ɗalibi. Sai kamfanonin da ke auna illar gine-gine ga muhalli, tunda gaɓar Bahar Maliya duk aiki ake yi yanzu. Akwai PERSGA ma, ƙungiyar ƙasashen yankin mai kare muhallin Bahar Maliya da Tekun Aden, hedikwatarta a Jidda take. Ɓangaren Sudan da sai in ce Dungunab da Sanganeb, wuraren kare halittun teku da UNESCO ta sa a jerinta na wuraren gadon duniya a 2016, amma tun yaƙin 2023... bar wannan dai.

Kuma kada ka je intabiyu kana cewa kana son tsuntsaye. Kowa na so. Ka iya lissafin alƙaluma da manhajar R? Ka iya taswira a kwamfuta? Ka iya iyo? In kwalekwale ya fara rawa, cikinka zai zauna? Domin tsuntsayen nan da tsakiyar zafi suke ƙwai, lokacin da mai hankali ke kwance gaban AC.

Je ka tsibiran Farasan, can wajen Jizan, ka ga tsuntsun nan mai cin kaguwa, fari da baƙi, baki kauri, ƙafa dogo. Shi ba ya sheƙa a fili. Rami yake haƙawa cikin yashi, ya fi mita guda, ya ajiye ƙwai ɗaya tak, fari, babba, zafin yashin na taya shi kwanci. Ramukan a jere suke kusa da juna, in ka taka da garaje ƙafarka ta burma, ka kashe abin da ka zo kirgawa. Daga gefe ake tsayawa da madubin hangen nesa, ana duba bakin ramin da ke da sabon sawu. Ramin da yashi ya fara cikewa ba kowa ciki. Wannan ba malamin da zai koya maka a aji. Ga ɓeraye da maguna a wasu tsibiran, ga masu kwasar ƙwai, duk sai ka rubuta.

To a nan ne abin ke min ciwo har gobe. Ni na yi wannan kirgen, fatar wuyana ta saluɓe, littafina duk gishiri. Da takardar binciken ta fito, sunan wani malami ne a sama, wanda ko tsibirin bai kwana ba. Ni kuwa ina can ƙasa wajen godiya, tare da direban kwalekwale. A'a, direban ma ya cancanta, wallahi ya fi mu sanin ruwan, ba shi nake nufi ba. Abin nufi, godiya ba ta shiga takardar neman digiri na uku. Kafin ka taka kwalekwalen kowa, tambaye shi ƙarara: sunana zai shiga cikin marubuta? A rubuce, ko a imel ne. Kunya ba taka ba ce a nan.

Af, in KAUST ba ta samu ba, akwai APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye a Jos, suna digiri na biyu kan kare halittu. Ba teku a Jos, na sani, amma kama tsuntsu da sa masa zobe a ƙafa duk ɗaya ne.

Turo min sakamakonka ta firabet in gani. Alhaji kuma ka bar ni da shi, zan same shi bayan Juma'a.