Shin gashi yana da ji?

Malam, ka tambaya me ya sa aski ba ya zafi amma in an ja suma sai ka zabura, da kuma dalilin da mutane ke ɗaukar gashi da girma haka.

Silin gashin da kake gani matacce ne, keratin ne irin na farce, babu jijiya a cikinsa. Jin yana can gindinsa, cikin fata, inda jijiyoyi suka naɗe saiwar. Ko yaya silin ya motsa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa kake jin tafiyar tururuwa a damtsenka tun kafin ta cije ka. Gwada da kanka: shafa tsinken tsintsiya a kan gashin hannunka, kada ka taɓa fata.

A 2011 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun aske wa mutane hannu ɗaya, suka ɗora musu kuɗin cizo. A hannun da ke da gashi an fi saurin jin ƙwaron, shi ma ya fi daɗewa yana lalube kafin ya samu wurin cizo. Tashin tsikar jiki kuwa, 'yan ƙananan tsokoki ne ke miƙar da gashin.

Batun daraja daban ne, a ganina bai da alaƙa da jijiya. Gashi shi ne abin da ake yankewa a jiki ba jini, ya sake tsirowa, sai ya yi daɗin yin alama da shi. Wanzami yana aske jariri ranar suna, alhaji yana aski a Mina, su kuwa mabiya addinin Sikh ba sa yanke nasu sam.