Kullum ni ake fara harbewa: wane salon wasa ya kamata in fara da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abokaina ne suka ja ni cikin wasan harbi na kwamfuta mai suna Valorant, wani lokaci kuma mu taɓa makamancinsa, Counter-Strike 2. Da na buɗe wasan sai in ga jerin sunaye: Deathmatch, Swiftplay, Spike Rush, Wingman, Competitive da sauransu. Su abokan nawa Competitive kawai suke shiga. Ni kuwa ko daƙiƙa 20 ba na kaiwa sai an harbe ni, in zauna ina kallonsu har zagayen ya ƙare, daga baya kuma su hau ni da faɗa wai na ɓata musu lissafin kuɗi. Mene ne bambancin waɗannan salon wasan, kuma da wanne zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokanka sun jefa ka tsakiyar kogi ne tun ba ka koyi iyo a bakin gaɓa ba, don haka rabin laifin nasu ne. Jerin sunayen nan kuma kada ya ruɗe ka. Duk salon da ka gani, tambaya ɗaya za ka yi masa: idan aka harbe ni, me na rasa? A wani salon babu abin da ka rasa, nan take za a dawo da kai fili. A wani kuwa ka rasa zagaye guda, da bindigar da ka saya, da kuɗin zagayen gaba, ka kuma bar mutum huɗu suna fama da mutum biyar. Tsadar rai ita ce ta raba su, kuma ita ce ke sauya yadda mutum yake tafiya, yake leƙe, yake jira.

Bari mu fara da inda suka kai ka, domin shi ne uwar wasan. Tsarin dasa bam ya yi suna ne da Counter-Strike, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka ƙirƙira a 1999 a kan wasan Half-Life, kafin kamfanin Valve ya karɓe shi. Valorant na kamfanin Riot Games, da ya fito a 2020, kusan a kan wannan turba ya ɗora. Mutum biyar masu kai hari, biyar masu tsaro. Masu hari suna son kai bam ɗaya daga wuraren da aka ware a taswira su dasa, masu tsaro suna son hana su ko su kwance shi idan an dasa. Rai ɗaya gare ka a kowane zagaye. Bayan zagaye 12 a yi musanyen ɓangare, ƙungiyar da ta fara cin 13 ita ta yi nasara. Da a Counter-Strike sai an kai 16, zuwan Counter-Strike 2 a 2023 ne aka rage.

Abin da sabon ɗan wasa ba ya lura da shi shi ne agogo biyu ne a wasan. Kafin a dasa bam, lokaci yana gudu ne a kan masu hari: minti 1 da daƙiƙa 55 a Counter-Strike, daƙiƙa 100 a Valorant. Idan ya ƙare ba su dasa ba, sun faɗi. Da zarar an dasa sai reshe ya juye da mujiya, masu tsaro ne yanzu za su fito daga maɓoyarsu su zo neman ƙwato wurin. Bam ɗin Counter-Strike daƙiƙa 40 yake yi ya tashi. Kwance shi yana cin daƙiƙa 10, amma wanda ya sayi kayan kwancewa na dala 400 na cikin wasa, 5 ta ishe shi. Na sha ganin mutum ya share fili, ya kashe na ƙarshe a abokan gaba, ya durƙusa kan bam saura daƙiƙa 8, ƙarar tana ƙara sauri a kunnensa, sannan ya tuna bai sayi kayan ba. Sai ya miƙe ya ruga don ya tsira da bindigarsa. Duk harbin da ya yi ya tafi a banza saboda dala 400.

A Valorant bam ɗin, wanda suke kira Spike, daƙiƙa 45 yake yi, kwancewa kuma 7, sai dai idan ka kai rabi aka katse ka, rabin nan yana nan ajiye. Daga nan wata dabara ta fito: mai tsaro ya taɓa bam ɗin don ya yi ƙarar fara kwancewa, ya saki nan da nan, ya saita bindiga inda yake zaton an laɓe. Mai harin da ya ji ƙarar dole ya leƙo, domin bai san ko da gaske ake ba. Irin wannan wasan ƙwaƙwalwa babu shi a salon da ba a dasa komai.

Maganar kuɗin da suke maka faɗa a kai kuwa, gaskiya suke da ita ko da bakinsu ya yi kaushi. Kowa yana fara wasa da 800, abin da bai wuce ƙaramar bindiga da ɗan wani abu ba. A Counter-Strike cin zagaye yana kawo wa kowane ɗan ƙungiya 3,250, ko 3,500 idan ta hanyar bam aka ci. Faɗuwa tana kawo kuɗin jaje da ke farawa daga 1,400, yana hawa da 500 duk faɗuwar da ta biyo baya har 3,400. To AK-47 kuɗinta 2,700 ne, AWP mai hangen nesa 4,750, ga sulke, ga gurneti. Ka ga ke nan wanda ya faɗi zagaye ba zai iya sayen cikakkun kaya nan take ba. Shi ya sa ƙungiya takan yarda ta yi zagayen tsimi: kowa ya riƙe kuɗinsa, a shiga da ƙananan bindigogi, ana sane da cewa da wuya a ci, domin zagaye na gaba duka biyar su fito da kaya. Idan mutum ɗaya ya ɓalle ya sayi babbar bindiga shi kaɗai, ya mutu da ita, ya yi ɓarna biyu: ya miƙa wa abokan gaba makami kyauta, kuma zagaye na gaba shi ne zai zama fanko a cikin 'yan'uwansa. Ni ma na yi wannan a farkon farawata. Na tara kuɗi na sayi AWP ana tsaka da tsimi, na leƙa tsakiyar taswirar Mirage, ko kunamar ban taɓa ba aka kwantar da ni. Da bindigar tawa aka kashe abokaina biyu ina kallo.

Matsalar wannan salo ga mai koyo a fili take. Wasa ɗaya yana iya cin minti 40, kuma idan kana mutuwa da wuri, watakila duka-duka harbin da za ka yi bai kai na minti biyu ba. Sauran lokacin kallo ne. Hannu ba ya faɗawa da kallo.

Nan Deathmatch yake shigowa. Babu bam, babu lissafin kuɗi, ka zaɓi bindigar da kake so, an harbe ka an dawo da kai. Na Valorant kowa tasa ta fishshe shi ne, wanda ya fara kai kisa 40 ya ci, ko kuma lokaci ya cika. Na Counter-Strike minti 10 ne. A cikin mintunan nan za ka yi arangama fiye da wadda za ka yi a cikakken wasa uku. A nan ake koyon ajiye saiti daidai tsayin kan mutum tun kafin ya ɓullo, da tsayawa cak kafin a harba, domin a wasannin nan biyu harsashin mai gudu warwatsewa yake yi, da kuma jan linzamin kwamfuta ƙasa idan bindiga ta fara ɗaga baki. Amma ina da ƙorafi a kansa. Rai a can ba shi da daraja, saboda haka yana koya wa mutum gaggawa: gudu ko'ina ana jin takunka, leƙa kowane lungu ba tunani, sauya harsashi a tsakiyar fili. Wanda ya kwana a Deathmatch ya wuce kai tsaye gasa, da wannan hali zai je, kuma ina kyautata zaton wani abu makamancin haka ne ke sa ba ka kai daƙiƙa 20. Ka ɗauke shi a matsayin ɗumama hannu na minti 10 zuwa 15, kuma kada ka damu da lambar da ka zo a allo.

Su Spike Rush da Escalation na Valorant, da Arms Race na Counter-Strike, na nishaɗi ne. A Spike Rush zagaye 4 ake nema, wasan ne ke zaɓa wa kowa bindiga, kuma duk masu hari suna ɗauke da bam. A sauran biyun makami yana sauyawa ne yayin da ake kisa. Amfaninsu ɗaya: za su tilasta maka riƙe bindigogin da ba za ka taɓa saya da kanka ba. Casual na Counter-Strike kuma, mai mutum 10 a kowane ɓangare da sulke kyauta, ya yi kyau don sanin lungunan taswira, amma cinkoson ya yi yawa a koyi dabara.

Inda zan tura ka shi ne tsakiya, wato salon da rai ɗaya ne a zagaye amma wasan gajere ne. A Valorant wannan shi ne Swiftplay: dokokin bam duk suna nan, zagaye 5 ake nema, ana musanya bayan 4, kuma wasan yana ba kowa kuɗi daidai gwargwado a farkon kowane zagaye, don haka kuskuren sayayya ba ya bin ka har ƙarshe. Kusan minti 15 an gama. A Counter-Strike kuwa Wingman ne, kuma a ganina babu malami kamarsa. Mutum biyu da biyu, wurin dasa bam ɗaya, ƙaramar taswira, zagaye 9 ake nema. Babu inda za ka ɓuya a bayan mutum huɗu. Dole ka yi magana, ka ce ga shi can bayan akwati, na rage masa jini, ka jefa hayaƙi in wuce. A nan za ka koyi abin da ya fi komai amfani a wasan ƙungiya, wato ramuwa: ka kasance kusa da abokinka yadda duk wanda ya harbe shi ba zai sha ba. A wasan mutum biyar da biyar, idan ka mutu aka rama maka nan take, an koma huɗu da huɗu, ba a yi asara ba. Idan ka mutu kai kaɗai a can wani lungu, an koma huɗu da biyar. Ka roƙi ɗaya daga cikin abokan naka, mai haƙurin cikinsu, ku riƙa shiga tare.

Daga nan sai Unrated a Valorant, wanda cikakken wasa ne na zagaye 13 ba tare da an taɓa matsayinka ba. Bambancinsa da Competitive a doka kaɗan ne: idan aka yi 12 da 12, a Unrated zagaye ɗaya ke raba gardama, a Competitive kuwa sai an ba da tazarar biyu. Babban bambancin a zukatan mutane yake. Can kowa yana kare matsayinsa ne, daga Iron, mafi ƙasa, har zuwa Radiant, mafi sama, shi ya sa faɗa ya fi yawa. Riot ma ba ta buɗe wa sabon asusu Competitive sai ya kai mataki na 20, kuma ni ko an buɗe ba na ganin dole ne a shiga ranar. A Counter-Strike 2 akwai Premier, inda ƙungiyoyin biyu ke soke taswirori bi da bi har ɗaya ta rage, ma'ana sai ka san taswira da yawa kafin ka leƙa can. Ka kuma sani cewa fita ana tsakiyar wasan gasa tana jawo dakatarwa, wadda a Counter-Strike take farawa daga minti 30 tana ƙaruwa idan aka maimaita. Harsashinka ma yana cin abokin ƙungiyarka a gasar Counter-Strike.

Idan wata rana suka ja ka Rainbow Six Siege na Ubisoft, wanda ya fito a 2015, tambayar nan dai za ka sake yi. Rai ɗaya ne a zagaye, amma babu sayen bindiga. Maimakon haka ana ba da daƙiƙa 45 na shiri, masu tsaro suna ƙarfafa bango suna kafa tarko, masu hari suna tura ƙananan na'urorin leƙe masu taya su gano inda bam yake. Bango da rufi suna fashewa a can, don haka jingina da gini ba ya nufin ka tsira.

Yaushe za ka koma Competitive wurin abokanka? Ni ma'aunina ba yawan kisa ba ne. Ka zaɓi taswira biyu ka san sunayen wurarensu yadda idan aka ce suna tahowa ta wuri kaza ba sai ka duba ƙaramar taswirar kusurwar allo ba. Ka saba duba kuɗin 'yan ƙungiyarka kafin ka taɓa naka. Sannan duk lokacin da aka harbe ka, maimakon ka ɗauki waya, ka bi wanda ya fi ku iyawa da kallo, ka lura da inda yake tsayawa da lokacin da yake daina gudu ya koma sanɗa. Ranar farko da za ka koma, ka ce musu kai ne na biyu a shiga, ka bi bayan wanda ke buɗe hanya da taku uku ko huɗu, bam ɗin kuma a ba wani ya riƙe tukuna.