Sammai bakwai a Littafin Anuhu: wanne daga ciki?

Ka ce ka karanta Littafin Anuhu, tsohon littafin addini da aka jingina wa Anuhu mahaifin kakan Nuhu, daga farko har ƙarshe, amma ba ka ga inda ya hau sammai bakwai ɗaya bayan ɗaya ba, kana tambaya ko an yanke wani sashe ne. Ba a yanke komai ba, ɗan'uwa, littafin ne ba ɗaya ba. Wanda ke hannunka shi ne Anuhu na Farko, mai babi 108, wanda Cocin Orthodox ta Habasha ta adana cikakke da Ge'ez, tsohon harshen Habasha, aka kuma tono gutsattsarinsa da Aramiyanci a kogon duwatsun Kumran da ke kusa da Tekun Gishiri. A babi na 14 an ɗaga Anuhu zuwa wani gida na wuta da ƙanƙara inda ya hangi kursiyi, amma ba a lissafa masa hawa-hawa ba. Tafiyar sama bayan sama tana cikin Anuhu na Biyu, wanda ya iso mana da tsohon harshen Slav.

Sai dai ka lura da bugun da za ka saya, don na sha ganin wannan yana rikita masu karatu: Anuhu na Biyu rubutu iri biyu gare shi, gajeren sammai bakwai ya kawo, dogon kuwa ya kai goma. Marubutan Yahudawa da Kirista na zamanin dā ba su taɓa haɗuwa a kan adadi ɗaya ba. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa da ke Sabon Alkawari (2 Korintiyawa 12), sama ta uku kawai ya ambata, alhali littafin Hawan Ishaya ya kai annabin har ta bakwai.