Ku Tambaya, Mu Amsa: Riƙon mai bishara da ke ƙasar waje daga nan Legas

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga 'yan'uwanmu da ke aikin bishara a wasu ƙasashe, da yadda mu na gida za mu tallafa masu. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mu arba'in ne a Zumuntar Mata, kowace tana ba da naira 1,500 a wata domin wani mai bishara da ke Jamhuriyar Nijar. Tun 2022 muke aika dubu sittin ba fashi, wani lokaci ta hannun direba. Yanzu matarsa ta ce kuɗin ba ya kai su tsakiyar wata. Ina matsalar take? Daga uwar zumunta, Agege.

Amsa: Mama, sannunku da ƙoƙari. Gaskiya matar ta faɗa, naira ce ta rame a hannunku. Kafin watan Yuni 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Dubu sittin ɗinku da a dā take kusan dala 130 ta koma dala 40. Shi kuma da sefa yake cefane, ita sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ta faɗi tare da naira ba.

Saboda haka ku daina ƙulla alƙawarin da naira. Ku tambaye shi sefa nawa gidansa ke ci a wata: hatsi, haya, man babur, magani, makarantar yara. Ku ɗauki kason da za ku iya, ku rubuta shi da sefa, sa'an nan duk bayan wata uku ma'ajinku ta duba canji ta gaya maku naira nawa ke nan. In ya fi ƙarfinku, ku faɗa masa wata biyu kafin ku rage, ya san inda zai nufa. Abin da ke karya mai bishara shi ne kuɗin da yake zuwa da yawa a Disamba sannan ya yi shiru har Ista. Bulus ya yaba wa Filibiyawa ne don sun aika masa da gudummawa fiye da sau ɗaya yana Tasalonika (Filibiyawa 4:16).

Batun direba kuwa, ku bari. Ba wai muna zarginsa ba, amma babu rasit, kuma hanya ba ta da tabbas: bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Ku bi ta hukumar da ta aike shi, ko EMS ta ECWA ce, ko CAPRO, ko sashen mishan na ikkilisiyarku. Ku rubuta sunansa da abin da aka ba da kuɗin dominsa, ku karɓi rasit, ku kuma yi tambaya biyu ba kunya: kashi nawa ofis ke cirewa, kuma wace rana ake turawa? Mutum biyu su riƙa sa hannu a asusun, shi kuma ya tabbatar maku da adadin da ya shiga hannunsa.

Akwai lokuta biyu da ƙari ya fi amfani. Na farko kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da gero ke araha, ya sayi buhunan da za su kai shi damina kafin farashi ya tashi. Na biyu komawa makaranta, wanda a ƙasashen rainon Faransa yakan faɗo a Satumba ko Oktoba. Ga masu aikawa Chadi ko Kamaru, a lura: sefar can da ta Nijar darajarsu ɗaya, amma takardun daban ne, ba a cefane da ɗaya a ƙasar ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Tambaya: Ni ne sakataren matasa. Mai bishararmu ya aiko da hotunan baftisma, ina so in sa a Facebook don mutane su ba da baiko, amma Fasto ya hana. Ba ɓoye aikin Allah ke nan ba? Daga wani ɗan'uwa, Ojo.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ji maganar Baba Fasto. Kai za ka samu masu danna alamar so, waɗanda ke cikin hoton kuwa su za su kwana a garin. A Aljeriya akwai dokar 2006 da ta tanadi ɗauri ga mai neman jan Musulmi zuwa wani addini. Maroko ta kori Kirista baƙi da dama a 2010. A Nijar ma, inda doka ba ta hana sujada ba, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015. Baki shi ke yanka wuya, yanzu kuma ɗan yatsa ma yana yi.

Shi mai bisharar ne zai faɗa maku abin da za a iya faɗa da wanda ba za a faɗa ba, ku rubuta ku bi. In bai ba da izini ba, kada a ambaci sunan ƙauye, sunan sabon mai bi, ko ranar tafiyarsa. Fuska kaɗai ba ita ce haɗari ba: allon shago, lambar mota, ko wani dutse da kowa ya sani sun isa a gane wurin. Hoton da aka tura a matsayin fayil kuma yana iya ɗauke da bayanin inda aka ɗauke shi. WhatsApp yana rufe saƙo a hanya, amma ba ya hana jami'i a shingen bincike ya ce a buɗe waya, don haka ku kunna tsarin saƙo mai ɓacewa bayan kwana bakwai, ku kuma guji kalaman yaƙi irin su "cin ƙasa" ko zagin addinin mutanen da yake zaune lafiya da su. In ana watsa sujadarku kai tsaye, a kashe kyamara lokacin rahoton mishan. Hoton a nuna wa kwamiti a ɗaki ya wadatar.

Tambaya: Wani zai yi tafiya, muna so mu haɗa wa mai bishararmu saƙo. Me ya kamata mu sa? Daga wata 'yar'uwa, Mile 12.

Amsa: Ya danganta da ƙasar. Wanda ke Nijar ko Chadi ba ya bukatar kuka da kuɓewa, suna kasuwarsu. Fitila mai aiki da hasken rana, littattafan yara, da Littafi Mai Tsarki daga ofishin Bible Society da ke Apapa sun fi masa amfani, bayan an tambaye shi harshen da yake so. Wanda ke Turai ko Amurka zai yi murna da yaji da kuka, amma kilishi ba ya wucewa, ƙwacewa ake yi. Batirin cajin waya a jakar hannu yake shiga jirgi. Kada a sa tramadol ko kodin. A ɗaure kayan a gaban mai tafiya, domin shi ne zai amsa tambayar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA) a filin jirgin Murtala Muhammed.

Tambaya: Ni mai gadi ne, albashina bai taka kara ya karya ba. Akwai abin da zan iya yi? Daga wani bawan Allah, Ikoyi.

Amsa: Malam, akwai, kuma da yawa masu kuɗi ba sa yin sa. Ka tsayar da rana ɗaya a mako ka aika masa saƙon murya na minti biyu da Hausa: labarin majami'a, wa ya yi aure, wa ya haihu, da waƙar da aka rera ranar Lahadi. Kada ka fara da "mutum nawa suka tuba?" Akwai wuraren da ake shekaru ana shuka kafin a ga tsiro, wannan tambayar kuma takan sa mutum ya yi shiru ko ya ƙara gishiri. Ka tambayi lafiyar Mama da yara, ka nemi abu biyu takamaimai da za ka yi addu'a a kai, mako mai zuwa ka tambayi inda aka kwana. Ka duba agogo kafin ka kira: Nijar, Chadi da Kamaru lokacinmu ɗaya, Gana, Mali da Senegal suna bayanmu da awa ɗaya, Kenya tana gabanmu da awa biyu. In ka je gida hutu, ka leƙa tsofaffinsa ko ɗansa da ke makarantar kwana, ka ɗauko masa muryarsu. Zumunta a ƙafa take.

Tambaya: Namu zai dawo hutu, zai sauka Legas. Mun tsara masa wa'azi a majami'u shida. Ya yi? Daga wani dattijon ikkilisiya, Obalende.

Amsa: Baba, a sassauta. Makon farko na barci ne da asibiti: gwajin jini, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ido da haƙori, shi da matarsa da yara. A nan Legas masu bishara Gowans, Kent da Bingham suka sauka a 1893, a 1894 ciwo ya kashe biyu na farko, don haka duba lafiya ba gata ba ne. A duba fasfo ma, domin ƙasashe da yawa suna so ya rage wata shida ko fiye, a kuma nemo katin rigakafin shawara. Bayan nan a tara majami'un shida wuri ɗaya ko biyu ya ba da rahoto, kamar yadda Bulus da Barnaba suka tara ikkilisiyar Antakiya (Ayyukan Manzanni 14:27), maimakon ya ƙare hutunsa cikin cunkoson Oshodi. A ba matarsa dama ta zauna da Zumuntar Mata su kaɗai. Kuɗin watansa ya ci gaba da shiga duk tsawon hutun, domin hayar gidansa na can ba ta tafi hutu ba, kuma kuɗin motar zuwa Arewa ganin dangi a sa shi cikin kasafi tun kafin ya taso.