Ba kyan zane ke sa dariya ba

Yaro, ka tambaye ni me ya sa muzurun da ka zana a katun ɗinka ya faɗo daga kan rufi amma ko murmushi ba wanda ya yi, alhali zanenka ya fi na kowa tsabta. Na duba takardun. Hannunka ba laifi, lissafin ne ya ɓaci.

Fim hoto 24 yake ci a sakan ɗaya, ka ga katun na minti 7 ya haura hoto 10,000 ke nan. Masu zanen katun na zamanin da ba kowane hoto suke yi wa sabon zane ba. Sau da yawa zane ɗaya ake ɗauka sau biyu, 12 a sakan, sai gudu ya yi gudu a koma ɗaya-ɗaya. Kai kuwa ka raba faɗuwar daidai wa daida, tazara iri ɗaya tsakanin zane da zane tun daga sama har ƙasa. Shi ya sa muzurun yake saukowa kamar ana zura guga a rijiya.

Je ka nemo tsofaffin Tom da Jerry, waɗanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara yi wa kamfanin MGM a Amurka a 1940. Barbera na kan labari da zane, Hanna kuma shi ke yanke hoto nawa kowane motsi zai ci. Lambar yabon fim ta Oscar 7 suka ɗauka, kuma ni dai rabin yabon Hanna nake ba wa. Kashe sautin, ka riƙa tsayarwa hoto-hoto. Kafin Tom ya ruga sai ya ja baya, ya tattare jiki, ƙafa ɗaya a sama. Wannan shirin gudun ne ke gaya wa ido inda zai duba. Gudun kansa zane biyu ne ko uku, sai ƙura.

Chuck Jones, mai shirya katun a kamfanin Warner Bros., ya kai abin ƙarshe da Wile E. Coyote, karen dajin nan mai bin tsuntsu. Ya wuce bakin dutse, ya tsaya a iska, ya laluba da ƙafa ya ji wayam, ya juyo ya kalle ka. Sannan jiki ya tafi, wuya ya miƙe, kai ya biyo baya. A tsayuwar nan mutane ke fashewa, tun bai taɓa ƙasa ba.

To ka sake. Riƙe muzurunka a iska kusan sakan guda, amma kada ya sandare: ƙifta ido ɗaya, kunne ya kwanta. Daga nan tazarar ta riƙa buɗewa, na farko kusa-kusa, na ƙarshe nesa. In ya bugu ya baje, kada girmansa ya ragu. Abin da ya rasa a tsawo ya samu a faɗi.

Kuma kar ka taɓa tawada ko fenti tukuna. Maƙale takardu biyar a tsakanin yatsunka ka riƙa kaɗa su har motsin ya fito, ka ɗauki gwajin fensir, wato hoton zanen fensirin yana motsi, ka kawo min gobe mu ƙirga tare.